Naɗe-naɗen wasannin Grateful Dead a Internet Archive: wanne ya cancanci kunne da data

Duk wanda ya buɗe sashen Grateful Dead a rumbun Internet Archive karon farko, yawan kayan ne zai fara ruɗa shi. Naɗe-naɗen sun haura 10,000, alhali wannan ƙungiyar makaɗan rok ta Amurka ta hau dandamali sau 2,300 ne da 'yan kai, tsakanin kafuwarta a Kalifoniya a 1965 da rasuwar jagoranta, mai jita Jerry Garcia, a watan Agustan 1995. Dalili kuwa, dare ɗaya kan samu naɗi 5 ko 10, wani sa'in fiye. Wannan ya fito daga teburin haɗa sauti, wancan daga makirufon wani masoyi da ya tsaya a tsakiyar jama'a, na uku kuma kwafin kwafin na farko ne da ya sha hannu. Kwanan wata ɗaya, jerin waƙoƙi ɗaya, amma sautin ya bambanta nesa ba kusa ba. Kyauta ne, ba rajista, ba talla, kuma a ganina babu wata taskar kiɗan rok da ta kama ƙafarsa. Sai dai rumbun ba ya ware maka nagari daga na banza, kuma wanda bai iya zaɓe ba zai ƙona datarsa a kan huci da ƙugi, ya tashi yana zargin makaɗan.

Makaɗan nan ba sa maimaita wasa. Waƙar da ta ci minti 6 jiya tana iya kai minti 20 yau, shi ya sa masoya suka fara shigo da rikoda a ɓoye tun farko-farkon tafiyar. Da sandunan makirufo suka yi yawa har suna tare wa injiniyan sauti Dan Healy gani, sai aka ware wa masu naɗi wurinsu a bayan tebur, da tikiti na daban, aka fara a Berkeley a watan Oktoban 1984. Sharaɗin shi ne a yi musaya, kada a sayar. Kaset ya yi ta yawo ta gidan waya har intanet ta zo, a 2002 kuma Internet Archive ta buɗe sashen wasannin gaban jama'a tare da etree, dandalin masu musayar naɗe-naɗen wasanni a intanet. A watan Nuwamban 2005 aka janye kayan ƙungiyar, masoya suka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka sasanta a kan tsarin da ake kai har yanzu: abin da aka ɗauka daga cikin jama'a za ka iya sauke shi cikakke, abin da ya fito daga tebur kuwa saurare kawai za ka yi a shafi, a matse cikin MP3.

Kafin ka danna komai, karanta sunan naɗin, domin rabin labarin yana nan. Yakan fara da gd, sai shekara, wata, rana, misali gd77-05-08 na nufin 8 ga Mayun 1977. Sai tushen sautin: sbd na tebur ne, aud na cikin jama'a, mtx haɗin biyun, fm kuma daga rediyo. In ka ga fob, mai naɗin ya tsaya a gaban tebur, kusa da dandamali. Daga nan sai sunan wanda ya ɗauka ko ya mayar da tef ɗin kwamfuta, da lambar da etree ta ba wannan kwafin don kada a rikita shi da wani. Kalmar sbeok tana cewa an yanka waƙoƙin daidai kan iyakar da faifan CD ke buƙata, wato kowane kashi ɗaya cikin 75 na daƙiƙa, don kada a ji ƙas tsakanin waƙa da waƙa. A ƙarshe shnf ko flac16 ko flac24, irin fayil ɗin ke nan: SHN da FLAC fayiloli ne da ba sa asarar sauti kamar MP3, 16 da 24 kuma yawan bit ne, wato zurfin naɗin.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya ga sbd ya ɗauka magana ta ƙare. Ba don kaset aka kafa teburin haɗa sauti ba, don zaure aka kafa shi. Aikin injiniya ya cike abin da kunnen jama'a bai samu daga dandamali ba. Idan amfilifayar jita tana ruri da kanta har bayan zaure, kaɗan zai sa ta a lasifika. Murya da piyano da ba su da ƙarfin kansu, su zai ɗaga. Sai kaset ɗin tebur ya fito a juye: murya ta danne komai, jita can nesa, bes wani lokaci babu shi sam. A ƙaramin zaure abin ya fi muni. A filin ƙwallo, inda dole komai ya bi ta lasifika, ya fi daidaita. Ga kuma bushewa. Babu amon ɗaki, babu tafi sai ɗan abin da ya zubo ta makirufon mawaƙi, waƙa ta ƙare a ji tsit alhali mutum dubu 15 suna ihu a wurin.

Naɗe-naɗen Betty Cantor-Jackson, injiniyar naɗin ƙungiyar, daban suke, kuma su ne suka ba lakabin sbd kwarjinin da yake da shi. Ita ba abin da ke fita zaure take kwafa ba. Tana karɓar reshen kowane makirufo, ta haɗa nata sautin a ƙaramin teburinta da abin ji a kunne, ta naɗa kai tsaye kan babban tef mai wili biyu, wanda ke gudun santimita 19 a daƙiƙa, ninki huɗu na gudun kaset. Tef mai faɗi da sauri yana riƙe siririn sauti, hucinsa kuma kaɗan ne. A 1986 aka yi gwanjon kayan da ta ajiye a wani ɗakin haya, tef-tef ɗin suka faɗa hannun jama'a, daga 1987 suka bazu. Wasan Jami'ar Cornell na 8 ga Mayun 1977 yana cikinsu, kuma shi ne ma'aunin da ya kamata mutum ya fara horar da kunnensa da shi: bes ɗin Phil Lesh a cike amma kowace tsirkiya ana bambance ta, makaɗan ganga biyu kowa da ɓangarensa, jitar Garcia da ta Bob Weir ba sa hawa kan juna, murya a tsakiya ba ta wuce gona da iri ba. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da naɗin cikin kundin sautukan tarihi a 2012. Duk inda ka ga sunanta a salsalar wani wasa na 1977 ko 1978, ka fara da shi.

Daga farkon shekarun 1980 labari ya canza. Yawancin abin da aka ajiye daga tebur a lokacin kan kaset ne, kuma shi ne haɗin zaure da aka bayyana a sama. Wasan 1982 ko 1984 mai lakabin sbd sau da yawa siriri ne, ganga a tafe ba nauyi, kuma ana jin tef ya cika ya fashe idan aka buga da ƙarfi. A waɗannan shekaru naɗin cikin jama'a mai kyau ya fi shi daɗi kusan kullum. Healy kansa ya san da haka, shi ya sa daga baya ya riƙa kafa makirufo a wurin tebur yana zuba sautinsu a kan na tebur, abin da za ka gani an rubuta ultramatrix a wasannin ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990.

Naɗin cikin jama'a kuwa, ingancinsa ya rataya ne da farko a kan inda mutum ya tsaya, kafin a zo maganar tsadar kayansa. Sauti iri biyu ke isa makirufo: wanda ya taho kai tsaye daga lasifika, da wanda ya bugi bango da rufi ya dawo. Kana matsawa baya na farkon yana raguwa, na biyun yana nan yadda yake, har a kai inda amon ɗaki ya rinjayi kiɗan. Kunnen mutum yana iya tace wannan a wurin, makirufo ba ya iyawa. Shi ya sa naɗin da aka yi a gaban tebur, a tsakiya, ya fi tsabta. A nan ne izinin 1984 ya zo da hasara: wurin da aka ware yana bayan tebur, a zauren ƙwallon kwando na siminti kuwa wannan ya yi nisa. Naɗe-naɗe sun ƙaru, natsuwar masu naɗi ta ƙaru, amma da yawa daga cikinsu ƙugi ne, bes ya kumbura ya haɗiye kalmomin waƙa. Waɗanda suka saci hanya suka je gaba, su ne masu lakabin fob, kuma in akwai su a daren da kake nema, su za ka fara gwadawa.

Fili buɗaɗɗe ya fi sauƙi saboda babu rufin da zai mayar da sauti. Wasannin Greek Theatre na Berkeley da na Red Rocks a Kolorado sun bar naɗe-naɗen jama'a masu ban sha'awa. Abokin gabar fili iska ce. In ta bugi makirufon da ba a sa masa soso ba, sai a ji bum-bum mai nauyi. In kuma tana kaɗawa tsakanin dandamali da mai naɗi, siririn sautin ne ke zuwa yana komawa, faifan ƙarfen ganga ya bayyana ya ɓace. Wannan na biyun babu gyaransa.

Takardar bayanin naɗi mai kyau takan faɗi makirufon da aka yi aiki da shi, kuma sanin halinsu yana rage maka wahala. Nakamichi CM-300 shi ne na gama-gari a shekarun 1980, ana canza masa kai: CP-1 yana ɗaukar gaba ya rage baya, CP-2 yana ɗaukar ko'ina, CP-4 dogo ne mai tsinkayo nesa. Dogon yana rage surutun maƙwabta da amon ɗaki, amma kaurin sautinsa kaɗan ne, yakan fito a ƙeƙashe. Mai ɗaukar ko'ina yana ba da bes mai zurfi na gaske, tare da tarin kowa da hirar kowa. Sennheiser 421 da 441 suna jure ƙara, tsakiyar sautinsu a cike, samansu a ɗan rufe. Schoeps da Neumann da AKG 451 su ne manya, in aka same su a wuri mai kyau sakamakon yakan kai a manta cewa daga cikin taro aka ɗauka. Tsayin sanda ma yana da tasiri: mita 3 sama da ƙasa ya fitar da makirufo daga bakin mutane, wanda aka riƙe a hannu ko aka maƙala a hula kuwa duk juyin mai shi sai sautin ya karkata. In an rubuta ORTF, makirufo biyu ne da tazarar santimita 17 da buɗewar digiri 110, tsarin da ke ba da faɗin sitiriyo kusa da yadda kunne ke ji.

Shekarar 1974 tana buƙatar kulawa ta musamman. A wannan shekara ƙungiyar ta yi yawo da katangar lasifika kimanin 600 da injiniyan sauti Owsley Stanley da abokan aikinsa suka tsara, aka fara fito da ita cikakkiya a Cow Palace ranar 23 ga Maris, aka ajiye ta a watan Oktoba saboda tsadar ɗaukarta. An jera ta ne a bayan makaɗa, kowane kayan kiɗa da nasa rukunin lasifika. Tun da makirufon mawaƙi yana fuskantar katangar, dole a hana shi kuka, sai aka haɗa makirufo biyu, ɗaya a kan ɗaya da tazarar santimita 6, aka juya wayar ɗayan. Sautin da ya iso su biyun daidai wa daida yana soke kansa, muryar da aka rera dab da na sama ita ke wucewa. Dabarar ta yi aiki, amma ta bar murya siririya mai fita ta hanci, kuma a naɗin tebur na shekarar wannan a fili yake. Haɗuwar kayan kiɗan ba a cikin waya take faruwa ba, a cikin iska take, saboda haka wanda ya tsaya a gaban katangar da makirufo shi ya kama ainihin abin. Naɗin da Jerry Moore, editan farko na mujallar Relix, ya yi a Miami ranar 23 ga Yunin 1974 ya isa shaida: bes yana da jiki, kowane kayan kiɗa yana wurinsa, kuma babu laka. Ko ƙungiyar ta yarda da darajar irin wannan aiki. A faifan da Phil Lesh ya zaɓo waƙoƙinsa a 1997, akwai wadda aka ɗauko daga naɗin wani masoyi na wasan Hollywood Palladium na 6 ga Agustan 1971.

Haɗin mtx, a takarda, shi ne mafita: tsabtar tebur da ran zaure. A aikace aiki ne mai wuya, kuma rumbun cike yake da masu kyau da marasa kyau. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka makirufon da ke mita 30 daga lasifika yana jin kowane bugu bayan milisakan 87 da fitarsa daga tebur. Dole a ja ɗayan su daidaita. In aka bar saɓani babba, ganga za ta riƙa bugawa sau biyu. In aka bar ƙarami, ko na milisakan 1 ne, wasu sautuka za su soke juna, a 500 Hz, da 1,500, da 2,500, sai kiɗan ya zama fanko. Matsala ta biyu ita ce rikoda biyu ba sa gudu ɗaya. Bambancin kashi 0.1 cikin 100 kaɗai yana tara daƙiƙa 3.6 a awa guda, saboda haka mai haɗin kirki yana daidaita su gaɓa-gaɓa, ba sau ɗaya a farko ba. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: saurari bugun ƙaramar ganga a farkon doguwar waƙa, ka tsallaka ƙarshenta. In bugun ya yi kaifi a farko ya yi ɓutu-ɓutu a ƙarshe, haɗin ya zame.

Na rediyo ba su da yawan magana. An watsa wasanni da dama na kakar 1971, da na Englishtown na 3 ga Satumban 1977, da na rufe zauren Winterland a daren 31 ga Disamban 1978. FM yana yanke duk abin da ya haura 15 kHz, tashoshi kuma suna matse sauti har mai ƙarfi da mai sanyi su zama kusan ɗaya, wani lokaci mai gabatarwa ya yi magana a kan kiɗa. In akwai kwafin da aka ɗauka kafin sautin ya shiga na'urar watsawa, za a rubuta pre-FM, shi ya fi.

Bayan tushe, abu na biyu shi ne salsala, wato hannuwan da naɗin ya bi kafin ya iso rumbu. Ana rubuta ta da alamar > tsakanin matakai, misali MR > DAT > CD > FLAC, ko MC > C > C > DAT. MR babban tef na asali ne, MC kaset na asali, DAT tef ɗin dijital ne, kowane C kuma kwafin kaset ne. Ƙirga su. Wanda ya taɓa jin kaset ɗin Shata da aka ɗauka a wurin biki aka yi ta kwafarsa daga rikoda zuwa rikoda ya san abin da kowane hawa ke ci: kalangu ya dushe, huci ya taso, murya ta fara rawa. Kwafin farko kaɗai kan ƙara huci da kusan desibel 3. C ɗaya ana iya zama da shi, uku kuwa sai in babu wani. Daga inda salsala ta shiga DAT ko CD asara ta tsaya, muddin ba a matse ba. In an rubuta alamar tambaya a tsakiya, ko babu salsalar gaba ɗaya, ka ɗauka hawan da yawa ne.

Cututtukan kaset sanannu ne, kuma kowace da alamarta. In kan injin da ya karanta zaren bai miƙe daidai da na wanda ya naɗa ba, saman sauti ke fara tafiya. Mayar da na'urarka mono, in faifan ƙarfen ganga ya koma shuu-shuu mai juyawa, matsalar ke nan. Shi ya sa ganin injin kaset Nakamichi Dragon a salsala alama ce mai kyau, domin yana daidaita kansa da kowane kaset. Dolby B, tsarin rage huci, yana ɗaga siririn sauti har desibel 10 wajen naɗi don a sauke shi wajen karatu. In aka manta ba a kunna shi ba, sauti ya yi tsini da huci; in aka kunna shi a kan kaset da ba a naɗa da shi ba, ya dushe. Tsarin dbx, wanda ke kan da yawa daga tef-tef ɗin Betty, ya fi rashin haƙuri: in ba a warware shi daidai ba, huci yana numfashi, ya taso ya faɗa tare da kowane bugu. Gudu ma yana ɓata abu. Kashi 6 cikin 100 na sauri yana ɗaga kiɗa da rabin mataki cur, kashi 3 yana mayar da sautin da ya kamata ya zauna a 440 Hz zuwa 453, muryoyi su ƙanƙance. Batirin da ya fara mutuwa a tsakiyar wasa yana rage gudun mota lokacin naɗi, sai wajen saurare kiɗan ya riƙa ƙara sauri yana hawa sama a hankali zuwa ƙarshen gefen. Akwai kuma fashewar da ke faruwa idan makirufo mai ƙarfi ya cika ƙofar shigar rikoda alhali allura ba ta kai ja ba. Ana jin ta a bes da babbar ganga, kuma maganinta tun a wurin ne, maɓallin rage desibel 20 da ke jikin irin su Sony TC-D5M. Sannan kaset na minti 90 yana da minti 45 a kowane gefe, kashi na biyu na wasan ƙungiyar kuwa yakan zarce awa ba tsayawa. Dole a juya, dole a rasa wasu daƙiƙoƙi. Masu aikin kirki suna cike gurbin daga wani naɗin, su rubuta inda suka yi faci.

Zuwan dijital bai kawar da matsala ba, ya canza mata kama ne. Sony PCM-F1 da ake haɗawa da rikodar bidiyo ya shigo hannun wasu masu naɗi a shekarun 1980, DAT ya biyo baya. Huci ya tafi, amma DAT da ya tsufa yana tsallake ko ya yi tsit-tsit mai kaifi. Abin da ya fi ɓata rai shi ne FLAC na ƙarya, wato wanda ya taɓa zama MP3 aka sake faɗaɗa shi. Buɗe fayil ɗin a manhajar Spek ko Audacity ka duba hoton sautin. Yanka madaidaici a 16 kHz, da ramuka masu kusurwa a ƙasansa, alamar MP3 ce. Yanka a 15 kHz da siririn layi a 19 kHz alamar FM ce. Kaset na gaskiya ba ya yankewa, a hankali yake dusashewa cikin huci.

Kada kalmar remaster, wato an sake gyara sautin, ta ruɗe ka. Wasu sun zuba maganin huci fiye da kima, har wutsiyar kowane sauti ta koma ƙyal-ƙyal na ruwa, wasu sun ɗaga sama da ƙasa don ya burge a minti na farko, ya gajiyar da kunne a na 20. Ɗan huci mai tsayawa wuri ɗaya ya fi wannan sau goma, kunne yana mantawa da shi. Sunan Charlie Miller a jikin naɗi abin dogaro ne a mafi yawan lokuta, saboda yana neman tef mafi kusa da asali, ya gyara gudu, ya yi faci, ya rubuta abin da ya yi. Haka nan flac24 ba ya ƙara wa kaset komai da kunne zai ji, tun da hucin zaren ya riga ya fi na fayil mai bit 16 ƙarfi. Nauyi kawai yake ƙarawa. Awa guda a flac16 tana kai megabait 350 ko kusa, wasan awa 3 ya doshi gigabait 1. Wanda aka ɗauka a bit 24 da 96 kHz ya ninka haka kusan sau uku. MP3 ɗin rumbun bai cika wuce megabait 100 a awa ba, kuma ga mai saurare a waya da ƙaramin abin kunne, ya wadatar. Lasifikar waya dai ba ta fitar da bes, kada a yanke wa naɗi hukunci da ita.

Shafin kansa yana da nasa aibu. Taurarin da masu saurare ke bayarwa sun cakuɗa daɗin wasa da ingancin sauti, har da tunawar wanda ya halarta, saboda haka naɗi mai ƙugi na iya samun tauraro 5 don daren ya yi armashi. Yawan waɗanda suka saurara ma ba hujja ba ne, tsohon kwafi da ya daɗe a rumbu ya fi sabon da ya fi shi kyau tara lamba. Na'urar sauraren shafin tana ɗan tsayawa tsakanin waƙa da waƙa, ga ƙungiyar da ke zarcewa daga wannan zuwa waccan ba numfashi kuwa wannan yana yanke daɗi. Manhajar Relisten tana jan kayan rumbun, ta jera dukkan naɗe-naɗen dare guda wuri ɗaya, abin da ke sauƙaƙa kwatantawa. Wanda ya sauke FLAC, foobar2000 na kunna shi ba giɓi. Tsofaffin fayilolin SHN na'urori kaɗan ke karanta su. Trader's Little Helper ko ffmpeg na mayar da su FLAC ba tare da asara ba.

Ga wanda ke son sautin tebur cikakke ba matsi, hanyarsa faifan da ƙungiyar ta fitar da kanta: jerin Dick's Picks da ya fara a 1993, da Dave's Picks daga 2012. Wasan Cornell ya fito haka a 2017, bayan an cire wa tef ɗin karkarwar gudu da fasahar Plangent, kuma ya fi duk kwafin tebur da ke rumbu natsuwa a piyano. Amma waɗannan 'yan ɗaruruwan dare ne cikin dubu biyu da wani abu, sauran sai rumbun.

Minti 3 sun isa a tantance naɗi kafin a ba shi awa 3. Kada ka yi hukunci da waƙar farko, lokacin injiniya da mai naɗi duk suna kan daidaita kayansu. Tsallaka ta uku ko ta huɗu, ka ji ko ana fahimtar kalmomi kuma bes yana da sautuka daban-daban, ba gurnani ɗaya ba. Je ka wata waƙa mai sanyi a kashi na biyu, nan huci da surutun maƙwabta ke tona kansu. Sai kaɗe-kaɗen ganga zalla na tsakiyar kashi na biyu, inda fashewa ke bayyana in akwai ta. Yi haka ga naɗi biyu ko uku na daren, a wuri ɗaya, da ƙarar murya ɗaya, domin wanda ya fi ƙara yakan yi kamar ya fi kyau. Wanda ka zaɓa, in na saukewa ne, sauke shi tare da takardar bayaninsa da fayil ɗin md5 ko ffp da ake tabbatar da cewa babu abin da ya lalace a hanya, ka ajiye su babban fayil ɗaya. A watan Oktoban 2024 masu kutse sun sa rumbun ya rufe na kwanaki, kuma naɗin da aka raba da takardarsa ba mai iya sanin salsalarsa daga baya.